Frederick Douglass: Bawan da ya sayi karatu da burodi, yau ake nazarin jawabansa a makarantun Amurka

A makarantun sakandare da dama na Amurka, da wuya ɗalibi ya gama darasin Turanci bai haɗu da rubutun Frederick Douglass ba. Malami kan ba ɗalibai wani yanki na littafinsa na 1845 ko jawabinsa na 1852, ya ce su zaƙulo dabarun da ya bi wajen shawo kan mai sauraro: ina ya kafa hujja, ina ya taɓa zuciya, me ya sa ya jefa tambaya a nan bai jefa a can ba.

Mutumin da ake yi wa wannan nazari bai taɓa zama a aji ba, ko na yini ɗaya. A cikin bauta aka haife shi, kuma a gidan da ya tashi an hana a koya masa karatu. Dabarun da ɗalibai ke ja wa layi da biro a yau, da su ya yi yaƙin ƙwato kansa da mutanensa.

Yaron da bai san ranar haihuwarsa ba

An haife shi a watan Fabrairun 1818 a gundumar Talbot da ke jihar Maryland, aka raɗa masa suna Frederick Augustus Washington Bailey. Mahaifiyarsa Harriet Bailey baiwa ce da ke aiki a wata gona mai nisa, kuma sau kaɗan ya gan ta kafin ta rasu. Kakarsa Betsey ce ta raine shi. Mahaifinsa farar fata ne, ana kuma raɗe-raɗin cewa ubangidansu ne.

Yana da kimanin shekara takwas aka tura shi birnin Baltimore, gidan Hugh Auld. Matar gidan, Sophia, ta fara koya masa haruffa. Da mijinta ya gano, sai ya tsawatar mata a gaban yaron, ya nuna mata cewa bawan da ya iya karatu ba zai ƙara zama lafiya a hannun ubangidansa ba.

Daga wannan faɗa yaron ya gane inda ƙofar fita take. Ya riƙa ɗaukar burodi daga gida yana ba 'ya'yan talakawan fararen fata na unguwa, su kuma su biya shi da darasi a bakin titi. Rubutu kuwa a wurin ƙera jiragen ruwa ya fara koyonsa, yana kwaikwayon haruffan da kafintoci ke rubutawa a jikin katako don nuna gefen jirgin da za a kafa shi.

Littafin santi 50

Yana da shekara 12 zuwa 13, ya tara santi 50 daga goge takalma ya sayi wani littafin makaranta mai suna The Columbian Orator, wanda Caleb Bingham ya wallafa a 1797. Littafi ne na koyar da yara fasahar jawabi. A farkonsa akwai bayanin yadda mai magana zai sarrafa murya da motsin hannu, sannan jawaban mutane irin su Cicero da George Washington.

A ciki akwai wata muhawara tsakanin ubangida da bawansa da ya sha gudu ana kamo shi. Bawan ya rushe hujjojin ubangidan ɗaya bayan ɗaya, har ubangidan ya 'yanta shi. Frederick ya yi ta maimaita wannan muhawara, kuma a nan ya fara ganin cewa magana mai tsari na iya kwance abin da ƙarfi ya ɗaure.

A 1833 aka mayar da shi ƙauye wurin Thomas Auld, ɗan'uwan Hugh. A shekarar da ta biyo baya aka miƙa shi ga Edward Covey, wani manomi da ya yi suna wajen lanƙwasa bayi masu taurin kai. Watanni shida yana shan bulala, har ranar da ya tsaya ya rama, suka yi kokawa ta kusan sa'a biyu. Covey bai ƙara ɗaga masa hannu ba. Bayan haka ya buɗe makarantar ɓoye ta ranar Lahadi, inda ya koya wa bayi fiye da 40 karatu.

Yunƙurinsa na farko na gudu a 1836 bai yi nasara ba, har ya kwana a kurkuku. A ranar 3 ga Satumban 1838 ya yi shigar matuƙan jirgin ruwa, ya riƙe takardun wani baƙar fata mai 'yanci, ya hau jirgin ƙasa daga Baltimore. Kafin a cika yini guda ya isa New York. Anna Murray, 'yantacciyar mace da ta taimaka masa da kuɗin hanya, ta biyo shi suka yi aure, suka tare a New Bedford ta jihar Massachusetts. A can ya ɗauki sunan Douglass don ɓatar da sawu.

Iya maganar da ta jawo masa zargi

A watan Agustan 1841 aka nemi ya yi magana a taron masu yaƙi da bauta a tsibirin Nantucket. Jagoransu William Lloyd Garrison na wurin, kuma bayan taron ƙungiyar ta ɗauke shi aikin zagaya garuruwa yana jawabi. Aikin na da haɗari. A 1843 wasu 'yan iska sun far masa a garin Pendleton na jihar Indiana suka karya masa hannu.

Sai wata matsalar ta taso. Abokan tafiyarsa fararen fata sun fi son ya tsaya kan ba da labarin abin da ya same shi, ya bar musu sharhi da fashin baƙi. Masu sauraro kuma suka fara cewa wanda ya iya magana haka ba zai yiwu ya taɓa zama bawa ba.

Amsar da ya ba su ita ce littafin Narrative of the Life of Frederick Douglass, tarihin rayuwarsa da ya fito a Boston a 1845. Ya ambaci sunayen iyayengidansa da gonaki da garuruwa, domin duk mai shakka ya je ya bincika. A bangon littafin an rubuta cewa shi da kansa ya rubuta. Cikin wata huɗu an sayar da kwafi 5,000.

Abin da ɗalibai ke nema a cikin littafin

Malaman Turanci a Amurka kan fara da rabe-raben da Aristotle, masanin falsafa na ƙasar Girka, ya yi wa hanyoyin shawo kan mutum. Na farko shi ne mutuncin mai magana, na biyu taɓa zuciyar mai sauraro, na uku hujjar da hankali zai karɓa. Da kalmomin Girkanci ake kiransu ethos, pathos da logos. Littafin Douglass ya dace da wannan darasi domin ana ganin aikin da kowace ɗaya ta yi masa.

Sunayen da ya lissafa su ne suka tsaya masa a matsayin shaida. Ya buɗe littafin da cewa bai san shekarunsa ba, ya kwatanta jahilcin bayi game da ranar haihuwarsu da na dawakai. Da wannan kamance ya nuna matsayin da aka ajiye su tun kafin ya ambaci bulala.

Inda ya zo kan kisan wani bawa mai suna Demby, wanda mai kula da gona Austin Gore ya harbe a cikin rafi, sai ya rage adon harshe, ya ba da labarin a bushe kamar mai ba da shaida a kotu. Inda kuma ya tuna tsayuwarsa a bakin ruwan Chesapeake, sai ya juya yana magana da jiragen ruwa kamar suna jinsa, yana kishin yadda suke tafiya a sake shi kuwa yana ɗaure.

Jimlar da aka fi nazari tana gab da labarin kokawarsa da Covey. Rabi biyu gare ta, kuma kalmomin mutum da bawa suna musayar gurbi a tsakaninsu. Rabin farko na nuni ga yadda aka ƙasƙantar da shi, na biyu ga yadda ya miƙe. Ginin jimlar kansa ya juya, kamar yadda rayuwarsa ta juya a ranar.

Akwai kuma abin da ya ƙi faɗi. Bai bayyana hanyar da ya bi ya gudu ba, don kada a toshe ta ga na baya. Sai a 1881, bayan an daɗe da soke bauta, ya ba da cikakken labarin.

Littafin ya tona inda yake, kuma a doka har lokacin dukiyar gidan Auld ne. Don haka ya tafi Ireland da Birtaniya a 1845, ya yi kusan shekara biyu yana jawabai. Magoya bayansa a Ingila suka tara fam 150 suka fanshe shi a 1846. Da ya dawo ya kafa jaridarsa, The North Star, a birnin Rochester a watan Disamban 1847. A 1848 ya halarci taron Seneca Falls, inda ya mara wa buƙatar ba mata damar zaɓe baya.

Jawabin 5 ga Yuli

A 1852 wata ƙungiyar mata masu yaƙi da bauta a Rochester ta gayyace shi ya yi jawabin bikin 'yancin kan Amurka. Ƙasar na da shekara 76 da samun 'yanci, kuma ƙidayar 1850 ta nuna akwai bayi fiye da miliyan uku a cikinta. Ya yi jawabin a zauren Corinthian ranar 5 ga Yuli, washegarin bikin.

Ya fara da sauke kai, yana nuna bai isa tsayuwa a gaban taron ba. Ya yabi waɗanda suka kafa ƙasar, ya kira su jarumai da suka ƙi yarda da zalunci. Sai dai tun daga nan yana ta amfani da lamirin ku: bikin nasu ne, kakannin nasu ne. Mai sauraro bai ankara ba sai da Douglass ya zare kansa daga cikin bikin gaba ɗaya, ya tambaye su me ranar ke nufi ga bawa.

Daga nan ya jero tambayoyin da ba ya jiran amsarsu. Ya ƙi ɓata lokaci wajen tabbatar da cewa bawa mutum ne, ya ce dokokin masu bayi sun riga sun amsa. Ya kawo misalin jihar Virginia, inda ya ce akwai laifuka 72 da ke jawo wa baƙar fata hukuncin kisa, amma biyu kacal cikinsu ke jawo wa farar fata. Wanda ake hukuntawa kan laifi, an yarda yana da hankali ke nan. Ya ƙara da cewa ana kafa dokar hana koya wa bawa karatu, amma babu wanda ya taɓa kafa irinta a kan dabbobi.

Ya kuma ɗauko dokar kamo bayin da suka gudu ta 1850, wadda ta tanadi dala 10 ga jami'in da ya mayar da mutum bauta, dala biyar idan ya sake shi. Ya caccaki majami'un da suka yi shiru. Duk da haka bai rufe da yanke ƙauna ba. Ya kare kundin tsarin mulkin Amurka a matsayin takardar da za a iya yaƙar bauta da ita, ra'ayin da ya riga ya raba shi da Garrison.

Abin da malamai ke so ɗalibi ya gani shi ne jerin. Da ya fara da zargi, da wasu sun toshe kunne. Ya bari sai da suka amince da ma'aunin kakanninsu, sannan ya auna su da shi.

Daga dandamali zuwa fadar shugaban ƙasa

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, Douglass ya dage cewa a bar baƙaƙen fata su shiga soja. Ya taimaka wajen ɗaukar dakarun runduna ta 54 ta Massachusetts, kuma 'ya'yansa Lewis da Charles na cikin waɗanda suka shiga. A watan Agustan 1863 ya gana da Shugaba Abraham Lincoln, ya kai ƙorafin cewa ana biyan sojoji baƙaƙe ƙasa da farare. An soke bauta a kundin tsarin mulki a 1865.

Rayuwarsa ta baya ba ta rasa tuntuɓe ba. Gidansa na Rochester ya ƙone a 1872, ya koma Washington. A 1874 ya karɓi shugabancin bankin ajiyar 'yantattun bayi, bankin ya durƙushe bayan 'yan watanni, mutane da yawa suka yi asarar ajiyarsu. Bayan rasuwar Anna a 1882, aurensa da Helen Pitts, farar fata, a 1884 ya jawo masa suka daga ɓangarorin biyu.

Ya riƙe muƙamin babban jami'in zartar da umarnin kotu na gundumar Columbia daga 1877, ya kuma zama jakadan Amurka a Haiti daga 1889 zuwa 1891. A 1877 ya koma Maryland ya ziyarci Thomas Auld, wanda tsufa da ciwo suka kwantar, suka yi magana ido da ido.

Sau uku ya rubuta tarihin rayuwarsa, a 1845 da 1855 da 1881, kuma kowane karo yana sauya abin da ya fi ba wa nauyi gwargwadon masu karatun lokacin. Shi ya sa wasu malamai kan ajiye wa ɗalibai labarin kokawar Covey daga littattafai biyu, su ce su gano me ya ƙara, me ya rage, kuma don wa.

A shekarunsa na ƙarshe ya mayar da hankali kan kisan gillar da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe a kudancin ƙasar, da yadda ake ƙwace musu damar zaɓen da suka samu a 1870. Ranar 20 ga Fabrairun 1895 ya halarci taron majalisar mata ta ƙasa a Washington. Da yamma, bayan ya koma gidansa na Cedar Hill, zuciyarsa ta buga yana shirin fita wani jawabin. Yana da shekara 77. An binne shi a maƙabartar Mount Hope da ke Rochester, birnin da ya yi jawabin 5 ga Yuli.