William Harvey, likitan da ya kayar da Galen da lissafi

Kusan shekara 1,400 likitoci suna riƙe da maganar Galen cewa hanta ce ke sarrafa abinci ya zama jini, jiki kuma ya shanye shi, a sake yin wani. Wanda ya rushe wannan magana wani Bature ne, William Harvey, da aka haifa a Folkestone ta Ingila a 1578. Ya yi karatu a Kambirij, sannan ya tafi Padua ta Italiya, inda ya kammala likitanci a 1602. A can malaminsa Fabricius ya nuna masa ƙananan bawul da ke cikin jijiyoyin jini, amma shi kansa malamin bai gane aikinsu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne makamin da Harvey ya ɗauka: ninkawa kawai, irin ta 'yan firamare. Ya kimanta jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya, ya ninka da yawan bugun rabin sa'a. Da gangan ya ɗauki ƙananan alƙaluma, amma duk da haka abin da ya fito ya zarce jinin da ke jikin mutum gaba ɗaya. To, wace hanta ce za ta iya wannan aiki? Ashe jinin nan ɗaya ne, zagayawa yake yi. Gwada da alƙaluman yau ka gani: mililita 70 a bugu, bugu 70 a minti, kusan lita 5 ke nan, wato duk jininka a minti ɗaya kana zaune. 'Yan injiniya, wannan ai famfo ne da bawul ɗinsa.

A 1628 ya buga littafinsa, De Motu Cordis, a Frankfurt. (Tun ƙarni na 13 Ibn al-Nafis ya bayyana a Alƙahira yadda jini ke ratsa huhu, amma zagayen jiki duka na Harvey ne.) Bai sha da daɗi ba. Wasu suka ce ya taɓu, marasa lafiya da dama suka guje shi, ko da yake likitan Sarki Charles na Ɗaya ne. A yaƙin basasa kuma aka wawashe masaukinsa, takardun bincikensa suka salwanta.

Abu ɗaya ya gagare shi gani da ido: inda jinin da ya fita ke juyowa ya koma zuciya. Ya rasu a 1657. Sai a 1661 Malpighi ya hango waɗannan siraran jijiyoyi da madubin ƙara girma, a huhun kwaɗo.