Major Taylor: Baƙar Fatan Da Ya Gagari Duniya A Kan Keke

A wannan makon filin namu na tarihin mashahuran mutane ya leƙa ƙasar Amurka, inda muka ɗauko muku tarihin Marshall Walter Taylor, wanda aka fi sani da Major Taylor, zakaran tseren keke na duniya a shekarar 1899. Mun zaɓo shi ne saboda matasanmu na New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala masu fita ayari-ayari a kan keke, domin a rayuwarsa za su ga yadda juriya da ladabin hanya suka haɗu a mutum ɗaya.

An haifi Taylor ranar 26 ga Nuwamba, 1878, a birnin Indianapolis. Mahaifinsa Gilbert tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasar Amurka, daga baya ya zama matuƙin keken doki a gidan wasu attajiran fararen fata, iyalan Southard. Su ne suka ba yaron kekensa na farko. Ya ƙware wajen wasa da shi har wani shagon sayar da kekuna ya ɗauke shi aiki, yana nuna bajinta a ƙofar shago sanye da kayan soja don jawo masu saye. Daga nan ne sunan Major, wato manjo, ya bi shi har kabari.

Zamani ne na tsananin wariyar launin fata. A 1894 babbar ƙungiyar masu keke ta Amurka ta haramta wa baƙar fata zama membobinta, filayen tsere da dama kuma suka rufe masa ƙofa. Ganin haka sai maigidansa Louis Munger, wanda shi ma tsohon ɗan tsere ne, ya tafi da shi garin Worcester na jihar Massachusetts a 1895.

A watan Disamba na 1896, yana ɗan shekara 18, ya shiga tseren kwana shida a dandalin Madison Square Garden na birnin New York. A nan ne za mu ga irin taurin mutanen da. Mutum shi kaɗai zai yi ta zagaya fili dare da rana har kwana shida, wanda ya fi cin nisa shi ne gwani. Barci kuwa ya rage naka, duk sa'ar da ka kwanta abokan karawa suna ƙara ba ka rata. Wasu kan faɗo daga kan keke saboda gyangyaɗi, wasu har su riƙa ganin abin da babu shi. Taylor ya yi tafiyar mil 1,732, kimanin kilomita 2,787, ya zo na takwas. Azabar wannan tsere ta kai har hukumomin New York suka sa doka, daga 1899 aka koma yin sa da mutum biyu-biyu suna karɓar juna.

Sai dai abin da ya fi gajiya ciwo shi ne mugun halin wasu abokan tserensa. Sukan haɗa baki su sa shi a tsakiya, wani a gaba, wani a gefe, su toshe masa hanya. Sukan kai masa gwiwar hannu ana cikin gudu, alhali keken fili ba shi da birki. 'Yan kallo sun sha watsa masa ruwan ƙanƙara, an kuma sha zuba masa ƙusoshi a hanya. A watan Satumba na 1897, a garin Taunton, wani ɗan tsere mai suna William Becker ya shaƙe shi bayan an gama tsere har ya suma, hukuncin da aka yi masa kuwa tarar dala 50 ce kawai.

Taylor ya zaɓi ya mayar da martani da ƙafafunsa. An san shi da wata irin fizga da yake yi daf da ƙarshen tsere, wadda kafin a ankara ya wuce. A watan Agusta na 1899 a birnin Montreal na Kanada ya lashe kambin duniya na gudun mil ɗaya, ya zama baƙar fata na biyu da ya riƙe kambin duniya a wasanni, bayan ɗan damben Kanada George Dixon. A ƙarshen wannan shekara a Chicago ya yi mil ɗaya cikin minti 1 da daƙiƙa 19, yana bin bayan injin da ke kare masa iska. Hassada ga mai rabo taki ce.

Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, ba ya shan giya, kuma ya yi shekaru yana ƙin yin tsere ranar Lahadi, abin da ya jawo masa asarar kuɗi masu yawa. Da ya je Turai a 1901 ya ci 42 daga cikin tsere 57 da ya shiga. A birnin Paris gwanin Faransa Edmond Jacquelin ya kayar da shi a karon farko, har ya yi masa gwalo a gaban jama'a. Kafin mako biyu su cika aka sake karawa, Taylor ya yi masa fintinkau. Ya kuma yi tsere a Ostareliya, inda a 1904 Iver Lawson ya banke shi ya ji mummunan rauni, aka dakatar da Lawson. A can aka haifi 'yarsa, ya sa mata suna Sydney.

Ya bar tsere a 1910. Sana'o'in da ya zuba dukiyarsa a ciki suka karye, ciwo ya kama shi, aurensa ya mutu. A 1928 ya buga littafin tarihin rayuwarsa da kuɗinsa, yana yawo da shi yana sayarwa. Ya rasu ranar 21 ga Yuni, 1932, a ɗakin marasa galihu na wani asibiti a Chicago yana da shekara 53, aka binne shi a kabarin da ba ko alama. Sai a 1948 tsofaffin 'yan tsere, da taimakon mai kamfanin kekuna Frank Schwinn, suka sake masa makwanci mai daraja. A 1982 garinsu Indianapolis ya buɗe filin tseren keke da sunansa, a 2008 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a Worcester.

To, mu dawo gida. Abin da Lawson da ire-irensa suka yi da gangan, sau da yawa ganganci kan haifar da irinsa a titi. Wanda ya san cunkoson 'yan bensikin da tasi a kewayen babbar kasuwa, ko manyan motocin da ke hawa gadar Wouri zuwa Bonaberi, ya san kuskuren mutum ɗaya a ayari kan kwantar da mutum biyar. Don haka kowa ya riƙe layinsa a hannun dama, kada a bazu a cika titi. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan na gabanka, domin yana kaucewa kai ne a ƙasa. Na gaba shi ne idon ayari, ya nuna rami da hannu, musamman da damina da ruwa ke rufe ramuka, kuma kada ya taka birki ba zato. Wanda ke baya yana samun sauƙin iska sosai, saboda haka adalci ne kowa ya karɓi gaba in layi ya zo kansa. In wani ya yi faci a tsaya masa, a kuma girmama masu tafiya a ƙasa da tsofaffi.

Tun 2003 ake gudanar da tseren kewaya Kamaru, kuma babu abin da zai hana wata rana ɗan New Bell ya yi fice a cikinsa, muddin ya haɗa ƙarfin ƙafa da irin tarbiyyar Taylor. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.