Sun Simiyau, Sarkin Magani na Ƙasar Sin

Duk mutumin Lafiya da ya taɓa zama gaban wanzami aka kafa masa ƙaho a tsakanin kafaɗu, ko a gida ko a Sabo ta Badun, ya san darajar wannan wuri wajen masu magani. To, mutanen Sin ma sun daɗe da sanin haka, kuma wanda ya fito musu da shi sarari wani malami ne mai suna Sun Simiyau.

An haife shi a Huwayuwan, cikin lardin da yau ake kira Shanshi, yawancin masana suna cewa a 581. Ya tashi da yawan laulayi, har dukiyar gidansu ta ƙare wajen sayen magani. Abin da ya tura shi karatun likita ke nan. Da ya shahara, sarakunan Sin sun neme shi da muƙami a fada, cikinsu har da Taizon na daular Tan, amma ya ƙi, ya fi son zaman dutsen Taibai yana tsintar itatuwa yana duba talakawa.

Wajen 652 ya gama babban littafinsa mai juzu'i 30, wanda ya raɗa wa sunan zinariya dubu, domin a ganinsa ran mutum ya fi wannan tsada. Ya sa cututtukan mata da na yara a gaba, ya kuma hori likita da kada ya bambanta mai kuɗi da matalauci, ko ɗan ƙasa da baƙo. Yana ba mai dundumi hanta, mai maƙoƙo kuwa ciyawar teku, kuma likitocin zamani sun tabbatar da dalilin duka biyun.

A cikin littafin nan ne ya bayyana gurbin da ake kira Gawuhuwan. Yana daidai ƙasan ƙashi na 4 na gadon baya, nisan yatsu huɗu daga tsakiya, dama da hagu. Allon kafaɗa yakan rufe shi, saboda haka sai majiyyaci ya zauna ya miƙa hannuwa bisa gwiwoyi kafin wurin ya buɗe. Sunan kansa daga wani tsohon labari ya fito, na wani sarki da cuta ta shige masa inda allura da magani ba su kaiwa. Shi kuwa Sun ya ga akwai hanya. Ana dunƙula busasshen ganye dangin tazargade a ƙona a kan wurin, sau ɗaruruwa, ga mai rama da tari da kasala.

A nan fa malamin ya yi zaton da ya wuce ƙarfin maganinsa. Da yawa daga masu irin wannan rama tarin fuka ke cinsu, ƙwayar da ke kawo shi kuwa sai 1882 aka gano ta, kuma wuta a baya ba ta kashe ta. Yau magani na wata 6 ake sha a asibiti. Huhu kuma yana nan ƙarƙashin wurin, allura in ta nutsa tana iya huda shi.

Ya sake rubuta wasu juzu'i 30 a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 682, bayan ya bar wasiyya a binne shi ba tare da kayan alatu ko yanka ba. Dutsen da ke kusa da garinsu har yau Dutsen Sarkin Magani ake kiransa.