Gary Kildall

Gary Arlen Kildall (19 ga Mayu 1942 – 11 ga Yuli 1994) masanin kwamfuta ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya ƙirƙiro manhajar CP/M. A wurinsa sunan BIOS ya samo asali.

An haife shi a Seattle, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Washington a 1972. A zamaninsa kowace ƙaramar kwamfuta da irin kayan cikinta, don haka manhajar wannan ba ta aiki a waccan sai an sake rubuta ta. A 1975 Kildall ya ware sashen da ke hulɗa da faifai da madannai, ya kira shi BIOS. Idan na'ura ta sauya, wannan sashen kaɗai ake gyarawa. Daga baya IBM ta dasa nata BIOS a cikin allon kwamfuta, shi ke fara tashi da zarar an kunna ta.

A 1980 IBM ta nemi CP/M, amma ciniki bai faɗa ba, Microsoft ta samu kwangilar. Novell ta sayi kamfaninsa, Digital Research, a 1991. Ya rasu a Monterey yana da shekara 52, bayan rauni da ya samu a kai.