Nana Asma'u 'Yar Shehu, Malamar Mata

A wannan fitowa mun ɗauko tarihin wata mace wadda ba 'yar Ikilisiyarmu ba ce, amma ƙasarmu ɗaya da ita. Rayuwarta ta taɓo wata tambaya da ake yawan yi a majami'unmu: shin namiji yana iya yin magana a madadin mata a sha'anin addini?

An haifi Nana Asma'u a Degel wajen shekarar 1793. Mahaifinta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tun kafin a haife ta ake gardama kan matsayin mata a wurin karatu. Wani malami mai suna Mustafa Gwani ya zargi Shehu da barin mata suna halartar wa'azinsa. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, wanda daga baya ya riƙi Gwandu, shi ya mayar da amsa, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya tsawata wa malaman da ke karantar da almajirai a zaure, alhali matansu da 'ya'yansu mata ba su san kome ba. Sai dai mu lura, duk wannan muhawara maza ne suka yi ta a kan mata.

Asma'u tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. A 1805 rundunar jihadi ta ci Birnin Kebbi, a cikin shekarar kuma ta sha kashi a Alwasa, iyalin Shehu suka zauna a Gwandu cikin yunwa da fargaba. Mun sani tarihin nan yana da ɗaci ga Kabawa, waɗanda suka koma Argungu suka ci gaba da fafatawa shekaru da yawa. Yaƙe-yaƙen sun bar gwauraye da marayu, sun kuma mai da mata masu yawa bayi. Asma'u tana ɓangaren masu nasara ne, ta kuma yi waƙoƙin yabon yaƙin. Ba za mu ɓoye wannan ba.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ayyukanta da suka iso gare mu sun kai wajen 60. Lokacin da yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafi da Larabci kan tsarkakan mata, ita ce ta mayar da shi waƙa cikin Fulatanci da Hausa, don matan da ba su jin Larabci su samu.

Babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Ta ga cewa malami namiji ba ya shiga cikin gida inda matan aure ke kulle, balle ya san damuwarsu. Sai ta zaɓi dattijai mata masu mutunci daga ƙauyuka, ta ba kowace sarautar jaji, ta naɗa mata malfa da jan ƙyalle. Jaji takan taho da 'yan mata da tsofaffi, su koyi waƙoƙin da ke ɗauke da hukuncin salla da tsarki da kyawawan halaye, su koma gida su koya wa na cikin kulle. Da haka karatu ya shiga ɗakunan da wa'azin maza bai taɓa kaiwa ba. Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To, me muka gani? Maza sun yi magana, maganarsu kuwa ta buɗe ƙofa. Amma sai da mace ta tashi da bakinta da dabararta kafin aiki ya yi kyau. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa.

Mu ma muna da abin dubawa. Maryamu Magadaliya ce ta fara kai wa manzanni labarin tashin Ubangiji, amma sai a 1970 Paparoma Bulus na Shida ya sa mata na farko, Tereza ta Abila da Katarina ta Siyena, cikin jerin Malaman Ikilisiya. A majami'unmu mata ne suka fi cika kujeru, su ke shara, su ke waƙa, su ke koya wa yara addu'a. Idan majalisar majami'a ta zauna kan kuɗi, ko karatun 'ya'ya mata, ko gadon gwauruwa, mata nawa ke zaune a ciki? Mu firistoci da dattawa wajibi ne mu tsawata wa mai zaluntar mace, gama yin shiru laifi ne. Bayan haka sai mu kira Zumuntar Mata, mu ba su wuri, mu kasa kunne.

Allah ya ba mu tawali'un sauraro. Amin.