Momofuku Ando da tukunyar mai shayin Araba

Da La'asar sakaliya motarmu ta tsaya a Araba, kan hanyata ta zuwa Birnin Ƙwanni, domin direba ya ce sai mun jira a rage layi a bakin iyaka. Yunwa ta kai ni teburin wani mai shayi, na tarar ya tafi masallaci, ya bar risho a kunne, ga katan ɗin taliyar Indomie, ga gwangwanin kuɗi. Kowa ya zo sai ya dafa da kansa, ya jefa kuɗinsa ya wuce. Ni ma haka na yi. Ina juya cokali sai tunanin mutumin da ya ƙago wannan abinci ya faɗo mini, wanda na tabbata ƙalilan ne cikin masu cinsa a ƙasar Hausa suka taɓa jin sunansa.

An haifi Momofuku Ando ranar 5 ga Maris, 1910, a tsibirin Taiwan, a lokacin yana ƙarƙashin mulkin Japan. Maraya ne, kakanninsa masu sayar da yadi suka rene shi a birnin Tainan. Yana da shekara 22 ya kafa kasuwancinsa na tufafi, a 1933 kuma ya koma Osaka. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Japan a rushe, kuma abin da ya gani bayan yaƙin bai taɓa barin zuciyarsa ba: dogon layin mutane cikin tsananin sanyi, a kasuwar bayan fage, suna jiran kwanon taliya mai romo.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake ba shi labari. A 1948 hukuma ta kama shi bisa zargin ƙin biyan haraji, ya shafe kimanin shekara biyu a tsare, ko da yake shi ya dage cewa kuɗin tallafin karatu ne ya bai wa matasa. A 1957 kuma wata ƙungiyar ba da rance da yake shugabanta ta durƙushe, ta tafi da dukiyarsa.

Nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina. Mutum mai shekara 47, mai iyali, ya karye. A wajenmu irin wannan sai ya koma zaman majalisa yana ba da labarin arzikin da. Shi kuwa ya kafa 'yar rumfa a bayan gidansa da ke garin Ikeda, ya shafe shekara guda yana kwaɓa fulawa, barcinsa bai wuce awa huɗu ba. Matsalarsa ɗaya ce: yaya za a busar da dafaffiyar taliya ta daɗe ba ta lalace ba, sannan ta dawo da taushinta da zarar an zuba mata ruwan zafi? A madafin matarsa Masako ya samu amsa, inda ya ga tana suya. Mai mai zafi yana korar ruwan da ke jikin taliyar, ya bar ƙananan ƙofofi, ta nan kuma ruwan zafi ke sake shiga. Ranar 25 ga Agusta, 1958, Chikin Ramen ta shiga kasuwa a kan yen 35. Abin mamaki, abincin da a yau ake wa kallon na ɗalibai da 'yan ci-rani, a ranar farko ya ninka kuɗin ɗanyar taliya kusan sau shida.

A 1966 ya je Amurka, ya ga abokan ciniki na kakkarya taliyar cikin kofin takarda suna ci da cokali mai yatsu. Daga nan kamfaninsa Nissin ya fitar da Cup Noodle a 1971. Yana da shekara 95, a 2005, ɗan sama-jannatin Japan Soichi Noguchi ya tafi da wata irin taliyarsa sararin samaniya. Ando ya mutu ranar 5 ga Janairu, 2007. A gidan tarihinsa da ke Ikeda, baƙo da kansa yake zaɓar romo da kayan haɗi ya cika kofinsa, kusan yadda muka yi a Araba, illa su babu risho.

Wadda na dafa ba ta kamfaninsa ba ce. Asalinta Indunisiya ne, aka fara shigo da ita Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, kafin a kafa masana'antarta a Ota. Yau duniya na cin fiye da ƙunshi biliyan 100 a shekara, Nijeriya ce kuma kan gaba a Afirka, alhali mafi yawan alkamar daga waje muke sayo ta, gishirinta kuwa likitoci sun gaji da jan kunne a kansa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne iyayenmu mata sun daɗe suna murza taliya da injin hannu suna shanya ta a kan igiya. Ga dambu, ga fura, ga geron da ke zube a kasuwar Illela. Dukkansu suna jiran wanda zai zauna a rumfa shekara guda saboda su. Ina cikin wannan tunani mai shayin ya dawo, ya leƙa gwangwani, bai ko ƙirga ba, direba kuma ya danna oda.