Bishop Hugh na Lincoln, mai hidimar ɗakin Maryam da bai ji tsoron sarakuna ba

Babbar majami'ar Lincoln a Ingila da sunan Nana Maryam aka keɓe ta. Mu Musulmi mun san darajarta, sura guda sukutum ke ɗauke da sunanta, ko da yake mu ba ma roƙon ta kamar yadda Kiristocin wancan zamani ke yi. A cikin waɗanda suka riƙe wannan majami'a, Hugh ne ya fi jan hankalina.

An haife shi wajen 1140 a ƙasar da yau take cikin Faransa, ya shiga zuhudu tun yana yaro. Sarki Henry na Biyu ne ya gayyato shi Ingila ya shugabanci gidan masu zuhudu na Witham, wanda sarkin ya kafa don kaffarar kisan Thomas Becket. Da isarsa ya dage sai an biya talakawan da aka tasa daga filin diyya. A 1186 ya zama bishop na Lincoln, shekara ɗaya bayan girgizar ƙasa ta tsattsage ginin, kuma a 1192 ya soma sake gina shi.

Mutumin fa ba ya ragawa fada. Babban jami'in gandun dajin sarki ya matsa wa mutane, Hugh ya kore shi daga jama'ar coci. A 1197 Sarki Richard ya nemi mayaƙa don yaƙinsa a Faransa, Hugh ya ƙi, sarki ya ba da umurnin ƙwace dukiyarsa. Shi kuwa ya bi shi har can, ya kama rigarsa yana jijjigawa sai da suka shirya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 1190, lokacin da masu shirin yaƙin Kudus suka auka wa Yahudawan Ingila. Hugh ya tsaya gaban 'yan tarzoma ba makami, ya kare tsirarun da ba addininsu ɗaya ba. Duk wanda ya tashi a zango ya san tsadar irin wannan maƙwabci.

Ya rasu a Landan ran 16 ga Nuwamba 1200. Sarki John na cikin masu ɗaukar makararsa zuwa majami'ar Maryam, Yahudawan garin kuma suka fito suna kuka. A 1255, a wannan gari dai, aka yi musu ƙazafin kashe wani yaro, Sarki Henry na Uku ya sa aka rataye 19 daga cikinsu. A 1290 aka kore su daga Ingila baki ɗaya.